Yaya zan yi wa mahaifina da maƙwabcina maganar Yesu ba tare da mun ɓata ba?

Tambaya: Ni saurayi ne daga wani ƙauye a kudancin Katsina. Shekara biyu ke nan da na karɓi Yesu aka yi mini baftisma. Babanmu Bamaguje ne, har yanzu yana yi wa iskoki yanka. Yayana ya taɓa zuwa sujada, daga baya ya daina. Maƙwabcinmu kuma abokina ne tun muna yara, Musulmi ne. Duk sa'ad da na ɗauko maganar Yesu, Baba sai ya tashi ya bar wurin, yayana ya ce na cika iyayi, abokina kuwa da gardama muke ƙarewa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Abin da ya same ka ba alamar raunin bangaskiya ba ne. Yahaya 7:5 ta faɗa a fili cewa 'yan'uwan Yesu na gida ɗaya ba su gaskata da shi ba a lokacin hidimarsa. Sai a Ayyukan Manzanni 1:14, bayan tashinsa daga matattu, muka same su cikin masu addu'a tare da manzanni.

Kuskuren shi ne kana yi wa mutum uku magana iri ɗaya, kuma irin ta mai wa'azin kasuwa. Shi mai wa'azin kasuwa yana faɗin komai a tsayuwa ɗaya, domin gobe ba ya nan. Kai kuwa gobe da jibi kana tare da mutanen nan, a gona da wurin biki da wurin makoki. Kana da lokaci, kuma halinka a gabansu yake kullum.

Mu fara da Baba, domin nasa ya fi nauyi. A gidan Bahaushe ɗa ba ya koya wa uba a gaban mata da ƙanne da baƙi. Tashin da yake yi, girmansa yake karewa, mai yiwuwa ko abin da kake faɗa bai saurara ba. Saboda haka daga yau kada ka ƙara tayar da maganar in akwai mutum na uku a wurin.

Sannan ka gane abin da yake tsoro. Uban da ɗansa ya zama mai bi yakan yi fargabar abu uku: ɗan zai janye hannunsa daga gandu, zai raina abincin gida da al'adun gida, kuma ranar da ta Allah ta kasance ba zai tsaya a kan gawarsa ba. Waɗannan da aiki ake amsa su. In ranar Lahadi tana cikin ranakun gandu, ka same shi tun kafin ruwan shuka ya sauka, ku daidaita: ka biya ranar daga lokacin da kake yi wa gayaunarka aiki. Kada ya wayi gari ranar noman farko ya ga fartanyarka a jingine kai kana majami'a. Naman yanka kuma, tunda ba za ka ci ba (dubi 1 Korantiyawa 10:20-28), ka gaya masa a keɓe kwana biyu ko uku kafin ranar, da murya ƙasa-ƙasa. Abin da ke ɓata zumunci shi ne ture kwano a gaban jama'a. Kuma ko da wasa kada ka taɓa kayan tsafinsa, balle ka fasa ko ka ƙona. Nasa ne. Samari da yawa sun yi haka da sunan himma, suka rufe ƙofar da aka yi shekaru ba ta buɗu ba.

Shawararmu ita ce ka yi damina guda cur ba ka yi masa wa'azi ba, sai dai in shi ya tambaya. Bayan an kai amfani rumbu, hankali ya kwanta, ka same shi da dare bayan tuwo, sa'ad da yake shi kaɗai a kan tabarmarsa. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar kullum, ka ce, "Baba, in kun ba ni dama, akwai wani labari da nake so ku ji." In ya ce ba yau ba, ka ce to, ka yi sallama. In ya yarda, labari ɗaya tak, kada ya wuce minti 10, kuma kada ka ɗora masa dogon sharhi. Ka ƙare da tambaya: "Baba, yaya kuka ga wannan?"

Wane labari? Bamaguje ba ya musun cewa akwai Allah Mahalicci. Yana ganinsa nesa ne, iskoki kuwa kusa suke, su ne ke taɓa lafiyar yara da amfanin gona. Tambayar da ke zuciyar Baba ita ce: in na daina yanka, wa zai tsare gidan nan? Don haka kada ka ce masa iskoki ƙarya ne, domin Littafi Mai Tsarki ma bai ce babu su ba. Ka ba shi labarin mutumin da aljanu suka mai da shi mazaunin makabarta har Yesu ya 'yantar da shi (Markus 5:1-20). Wani daren ka ba shi na hadarin da Yesu ya tsawata wa a teku (Markus 4:35-41), daga baya na uban da ya ruga ya tari ɗansa da ya ɓace (Luka 15:11-32), wanda kowane uba zai ji shi a jikinsa. Maganar hadaya guda da ta isa har abada, wadda ke Ibraniyawa sura 10, ita ce za ta amsa batun yanka, amma ka ajiye ta sai ya fara tambaya da kansa.

In Baba ba ya karatu, ka sa a zuba maka Sabon Alkawari na sauraro da Hausa a memori, ka sa a ƙaramar rediyo ko waya, ka bar masa. Dattijo yakan saurari abu shi kaɗai da ba zai saurara daga bakin ɗansa ba. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fara fitowa a 1932, Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikin, amma Hausar wancan bugun ta tsufa, fassarar baya-bayan nan ta fi sauƙin shiga kunne. Abin da ya fi memori kuma shi ne sa'ansa: wani dattijon ikilisiya wanda shi ma daga Maguzanci ya fito, ya riƙa zuwa gaisuwa. Maganar da ta zama raini a bakinka, a bakin sa'ansa hira ce.

In ciwo ya shigo gidan, ka nemi izini ka yi addu'a gajeriya da sunan Yesu, sannan ka ɗauki marar lafiya zuwa asibiti. Kada ka yi alkawarin warkewa a madadin Allah. In ka ce "gobe zai tashi" bai tashi ba, Baba zai ƙidaya wannan a kan Yesu.

Na yayanka gajere ne. Wanda ya taɓa shiga ikilisiya ya fita, yawanci wani abu ne ya kore shi: horo a kan aure ko giya, rigimar kuɗi, ko maganar da wani shugaba ya yaɓa masa. Ya san bisharar, ciwon ne bai warke ba. Ka tambaye shi sau ɗaya, "Yaya, me ya faru ka daina zuwa?" Ka yi shiru har ya gama, kada ka kare kowa, kada kuma ka kai wa fasto labarin ba da saninsa ba. In ya sake jiki, ka roƙe shi ku karanta Markus tare. Sura 16 ce, biyu a mako, wata biyu kun gama.

Sai abokinka. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa, da yaɗa shi, da sauya shi. Amma kana zaune a Katsina, ɗaya daga jihohi 12 da suka ɗauki shari'ar Musulunci tun daga wajen 2000, kuma ka san an rasa rayuka a Arewa saboda maganar da aka ɗauka ɓatanci ne. Ko da babu haɗari ma, zagin abin da mutum yake girmamawa ba halin Almasihu ba ne, 1 Bitrus 3:15-16 ta ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi. Don haka kada bakinka ya aibata Annabi Muhammadu ko Alƙur'ani, kada kuma yatsanka ya tura irin wannan a WhatsApp ko Facebook. Ka yi maganar Yesu, ka tsaya a nan.

Gardamarku, muna kyautata zaton a majalisa ko teburin mai shayi take faruwa. A gaban abokai ba wanda zai ce "ka yi gaskiya", kowa martabarsa yake tsarewa. Ku riƙa magana ku biyu, a hanyar gona ko ta kasuwa, kuma ka fi shi sauraro. Ka tambaye shi yadda ya fahimci gafara da ranar hisabi, ka ji amsar har ƙarshe.

Tambaya uku za su zo, ka shirya musu gajerun amsoshi. In ya ce kuna bauta wa alloli uku, ka nuna masa Markus 12:29, inda Yesu da bakinsa ya ce Ubangiji ɗaya ne. In ya ce yaya Allah zai haihu, ka gaya masa kai ma ba ka yarda Allah ya yi aure ya haihu ba, babu Kiristan da ya gaskata haka, sannan ku karanta Luka 1:26-35 da farkon Yahaya inda aka kira Yesu Kalma. In ya ce an canza Linjila, ka gaya masa akwai kwafin Sabon Alkawari cikakke da Helenanci, kundin Sina'i, wanda aka rubuta a ƙarni na 4, ana ajiye da shi a Landan, kowa na iya gwada shi da na yau. Kada kuma ka ɓoye maganar gicciye don ya ji daɗi, ita ce zuciyar bishara. Abin da ba ka sani ba ka ce, "Ban sani ba, zan tambayo." Ka kuma tambayo ɗin.

Akwai ƙananan abubuwa da yake lura da su. Kada ka ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa ko ka cusa shi a aljihun baya, domin a idonsa wannan raini ne ga littafin. Ka je barka da sallah, ka je suna, ka zauna a zaman makoki. Ranar Kirsimeti, in za ka aika musu abinci, ka sa Musulmi ya yanka kazar ko akuyar, ka kuma gaya musu haka, don su ci da kwanciyar rai. Namiji ya yi magana da namiji, matan gidansu a bar wa mata masu bi. Yaransu ba a yi musu wa'azi a bayan idon iyaye. Taimako kuma, ko bashi ne ko buhun taki, kada ya zo da sharaɗin zuwa coci, domin wanda ya zo don taki zai tafi ranar da takin ya ƙare, ya kuma bar zargin cewa da kuɗi kuke sayen mutane.

In wata rana ya nuna yana son ƙarin bayani, sirrin nasa ne. Kada ka tashi ba da shaida a majami'a da sunansa, kada a ɗauki hoto, kada a gaggauta masa baftisma. Da yardarsa ka haɗa shi da dattijo ɗaya mai riƙon amana, wanda zai gaya masa gaskiyar abin da zai iya fuskanta a gida da wurin sana'a, ya yanke shawara da idonsa a buɗe. In kuwa ya ce maka ya isa, ba ya son maganar, ka bar ta da gaske, ka ci gaba da yi masa addu'a a ɗakinka, kuma ranar gayyar gonarsu ka fito da fartanyarka kamar kowace shekara.