Amsa ga mai tambayar tafiya Yukon da mota a lokacin zafi

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa kana so ka ɗauki iyali daga Edmonton ku tuƙa har Dawson City da ke yankin Yukon a arewacin Kanada a watan Yuli, ko ƙaramar mota za ta iya, kuma ko wahalar ta cancanta. Ta cancanta wallahi, amma ka shirya wa nisa, don shi ne ainihin aikin.

Titin Alaska Highway da sojojin Amurka suka yi a 1942 yana farawa daga Dawson Creek, kada ka rikita shi da Dawson City, tsakaninsu tafiya ce ta kwanaki. Kwalta ce kusan duka, ƙaramar mota na bi lafiya lau, sai dai ƙanƙarar ƙarƙashin ƙasa tana kumbura titin a wasu wurare, in ka ga ƴar tuta a gefen hanya ka rage gudu tun kafin motar ta yi tsalle da ku. Mai kuwa duk inda ka ga gidan mai ka cika tanki ko da rabi ne ya rage, saboda wani gidan man da ke kan taswira za ka iske shi a rufe, kuma netwok yana ɗaukewa na awanni. Wajen Liard River za ku haɗu da garken ɓauna kwance a bakin titi ko a jikinsu, kada yara su fita ɗaukar hoto, haka ma in kun ga beyar.

Daga Whitehorse, babban birnin Yukon da Alaska Highway ke ratsawa, zuwa Dawson City wajen kilomita 530 ne. Dawson City ƙaramin gari ne, tituna na ƙasa, hanyar masu tafiya a ƙafa ta katako, wasu tsofaffin gidajen sun karkace sun jingina da juna. A Agustan 1896 aka gano zinariya a rafin Bonanza, mutum kusan 100,000 suka kamo hanya, waɗanda suka iso ba su wuce 30,000 zuwa 40,000 ba, kuma kafin su zo na farko sun riga sun kame filayen masu kyau. A lokacin ƴan sandan Kanada ba sa barin mutum ya tsallaka dutsen Chilkoot sai da guzurin shekara guda, kusan tan ɗaya, a baya ake ɗaukarsa sawu bayan sawu. Ku je ku ga Dredge No. 4, ƙaton injin da ya riƙa cin rafin yana tace tsakuwa, tulin duwatsun da irinsa suka bari har yau suna nan a hanyar shiga gari. Akwai kuma filin da ake kira Claim No. 6 inda ake wanke yashi don neman zinariya kyauta, ruwan sanyi kamar ƙanƙara, hannu yana sandarewa kafin ka ga ɗan ƙyalli ɗaya a gindin faranti, amma yara za su so shi. Ku leƙa cibiyar al'adun mutanen Tr'ondëk Hwëch'in ma, su ne masu wurin kafin zuwan masu neman zinariya, aka tura su ƙauyen Moosehide.

Maganar Dempster Highway, titin da ya yi arewa daga kusa da Dawson City, da wani ya ba ka shawara ka bi, ni dai da ƙaramar mota da yara ba zan ce ka shiga ba. Tsakuwa ce wajen kilomita 740 zuwa Inuvik, man farko sai Eagle Plains a tsakiyar hanya, tana cin taya tana fasa gilashi, kamfanonin haya da yawa ma sun hana. In kana marmari ka shiga zuwa gandun dajin Tombstone da ke farkon hanyar ka juyo. Top of the World Highway kuma Alaska yake shiga, in fasfo ɗinka na Najeriya ne sai da bizar Amurka.

Sallah fa ku tambayi malami tun a gida, don rana ba ta faɗuwa sai wajen tsakar dare kuma duhu ba ya yi sosai, magariba da isha da asuba duk suna cakuɗewa. Akwai masallaci a Whitehorse. Naman halal ku taho da shi a kula daga Edmonton, a hanya kifi za ku dogara da shi. Ku riƙe maganin sauro da rigar sanyi, sannan kullum da safe ka duba 511 Yukon, shafin da ke nuna halin da hanyoyi suke ciki, saboda gobarar daji tana sa a rufe titi.