Amsa Ga Gwaggo Kan Lambobin Nan Shida

Assalamu alaikum mutanen gida, ina wuninku? Ya Tawa, ya zafi? Gwaggo, na ji muryarki tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni a shago, ki yi mini haƙuri.

Kin ce maƙwabciyarki ta wayi gari WhatsApp ya fice daga salularta, ga wani can yana bin danginta da sunanta, wai tana asibiti a turo jikka ashirin. Kuma salular ba ta taɓa barin hannunta ba, ko asiri ne? Wallahi Gwaggo ba asiri, da bakinta ta ba da makullin.

Kin ga, WhatsApp bai san fuskarki ba, lambarki kawai ya sani. In wani ya sa lambarki a tasa salular, sai a aiko da lambobi 6 ta SMS zuwa layinki. Shi ɓarawon ba ya ganinsu, to sai ya kira ki. Kuma fa da ladabi, har da tambayar lafiyar yara. "Hajiya, taron ƙungiya za mu yi, an aiko miki lambar shiga, karanto mini." Ko ya ce kuskure ya yi, kod ɗinsa ya faɗo layinki. Kina gama karantowa, an fitar da ke.

Watan jiya wani dattijo mai fataucin albasar Galmi ya same ni nan wajen Babbar Kasuwa. Ya ajiye salula kan tebur, hannunsa na rawa, an riga an karɓi kuɗi wurin abokan cinikinsa biyu. Na buɗe saƙon, ga shi nan ƙarƙashin lambobin an rubuta kada a ba kowa. Da Faransanci. Shi kuwa bawan Allah karatun allo ya yi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

To maƙwabciyar taki, tun da layin na wurinta, ta sake buɗe WhatsApp ta sa lambarta. Sabon kod zai zo, tana sa shi wancan ya fita. In ya riga ya kafa nasa lambobin sirri, wato makulli na biyu da WhatsApp ke tambaya bayan kod ɗin SMS, za ta jira kwana 7, amma shi ma yana waje. Kafin nan a kira dangi ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya tura ko dala.

Sauranmu kuma, mu kafa namu lambobin sirrin yau ɗin nan, ba gobe ba: cikin WhatsApp a shiga Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes. Ka zaɓi lambobi 6 naka na kanka. Ban da 123456, ban da ranar haihuwa, don Allah. Wanda bai jin Faransanci ya kira yaro ya nuna masa wurin, amma ya danna lambobin da yatsansa, yaron ya kau da kai. Sannan ku leƙa Appareils connectés, wurin da ke nuna na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinku. Mu masu gyara mun sani, mutum ya ba da salula caji a fada, kafin a sauke shayi na biyu an haɗa ta da wata na'ura ana karanta hirarsa. In ka ga abin da ba ka sani ba, cire shi.

Hoton fuska da shigar da mutum gurup, duka suna cikin Confidentialité, ku mayar Mes contacts, wato sai waɗanda kuka ajiye lambarsu. Wannan ba wuya.

Af, na tuna. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, gaskiya ne, amma kullen na hanya ne kawai. Mu nan cikin gurup ɗin nan mun haura tamanin, kowa na iya tura muryarka gaba. Kuma akwai dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, a Yunin 2024 aka maido da ɗauri kan zagi da ɓata suna. Samarinmu masu tura duk abin da ya faɗo musu, da ku nake.

Kawu, ranka ya daɗe, hoton kat dantite ɗinka da ka sa nan jiya don takardu, ka goge shi ga kowa tun lokacin bai wuce ba, ka turo mini ni kaɗai. Ga mai salula nan ya iso, Gwaggo zan kira ki bayan Isha mu danna taki tare.