Ba Rihanna ce ta rubuta "Diamonds" ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne wata ce ta rubuta wa Rihanna "Diamonds". Ƙwarai kuwa. Sia ce, mawaƙiyar nan 'yar Ostireliya da aka haifa a Adelaide a 1975, ta rubuta ta tare da masu shirya kiɗa Stargate da Benny Blanco, waƙar ta fito a 2012. Ka ƙara saurarar yadda Rihanna ke jan murya a ciki, salon Sia ta bi sak.

Bayan 2010 Sia ta gaji da shahara, ta ja da baya ta koma rubuta wa wasu. "Pretty Hurts" ta Beyoncé ma da hannunta a ciki. Da ta dawo da "Chandelier" a 2014, sai ta riƙa rufe fuskarta da ƙaton gashin kanti mai saukowa har hanci.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne kundinta na 2016, This Is Acting. Yawancin waƙoƙin cikinsa wasu ta rubuta wa, suka ƙi karɓa. "Cheap Thrills" da Rihanna ta bari har ta kai lamba ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Kuma marubucin waƙa yana samun kasonsa na haƙƙin mallaka duk lokacin da aka sa ta a rediyo, ko da ba muryarsa ce a ciki ba.