Ba kowane fim ɗin ban tsoro ne ke son jan lemo ba

Na ga saƙonka tun jiya da daddare, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce manaja ya ɗora maka daren finafinan ban tsoro na ƙarshen wata, tsofaffin finafinan Turawa, kowane fim da abin shansa da ɗan sharhi a jikin kati, sai kake tambaya wai "Oga tunda duk harkar jini ce, ba sai in dafa zoɓo tukunya guda in riƙa canja masa suna ba?" Toh yaro, a'a. In ka yi haka kofi na farko za a yaba maka, na biyu a yi shiru, na uku kuma sai ka ga an fara aiken yara waje sayo ruwan roba.

Kafin ka taɓa tukunya, zauna ka kalli finafinan, kowanne daga farko har ƙarshe, ba ɗan tallan fim ɗin ba, ba gutsuren da ake yankowa a TikTok ba. Abun da kake nema shi ne me fim ɗin yake yi wa jikin mai kallo. Wani fim ɗin bushe maka maƙogwaro yake, wani tayar maka da zuciya yake, wani sanyi zaka ji yana bin bayanka, wani kuma ihu da dariya yake sa mutane a lokaci ɗaya. Abin shan da zaka miƙa wa mutum da wannan halin da yake ciki zai tafi, launi da suna daga baya suke zuwa.

Na san ka leƙa intanet ka ga jerin da Turawa ke yi, kusan kullum sunaye uku ne suke maimaitawa, Bloody Mary da Zombie da Corpse Reviver. Mu dai giya ba ta cikin aikinmu, baƙinmu ba sa sha mu ma ba ma sayarwa, amma ka san tarihinsu don kar wani baƙo ɗan boko ya tambaye ka ka tsaya kana sosa ƙeya. Zombie wani Ba'amurke da ake kira Donn Beach ne ya haɗa shi a shagonsa na Hollywood a 1934, barasar rake kala-kala da ruwan lemun tsami, ƙarfinsa ya kai har doka ya sa ba a ba mutum ɗaya fiye da kofi biyu. Corpse Reviver na biyu yana cikin littafin haɗe-haɗen otal ɗin Savoy na Landan da Harry Craddock ya fitar a 1930, kuma na safe ne, mashaya ke sha don su warware daga mayen jiya. Bloody Mary kuwa ruwan tumatir ne da bodka da lemun tsami da gishiri da yaji, ana danganta shi da Fernand Petiot wanda ya yi aiki a Faris sannan ya koma otal ɗin St. Regis a New York. Kaga duk cikinsu babu wanda aka ƙirƙira don fim ɗin tsoro, sunan ne kawai ya dace sai aka lanƙwasa. Masu jerin nan rabinsu da suna suke aiki, shi yasa zaka ga an haɗa ruwan tumatir mai kauri da fim ɗin da ake amai a ciki, wallahi wanda ya yi wannan haɗin bai zauna cikin masu kallo ya ga fuskokinsu ba.

Ɗauki The Exorcist na 1973, na darakta William Friedkin. Kowa ya san wurin da yarinyar ta fesa wa limamin coci koren amai, kuma miyar koren wake ce aka yi amfani da ita a wajen ɗauka. Saboda haka duk wani ɗan koyo sai ya ce bari in markaɗa piya da madara in yi kore mai kauri in sa masa sunan fim ɗin. Kar ka kuskura. Mutum yana riƙe da kofin nan za a zo wurin, zai kalli allo ya kalli hannunsa, shikenan ka yi asarar kofi ka yi asarar kwastoma. Abun da ke cikin fim ɗin da ya fi aman shi ne sanyi, ɗakin yarinyar da gaske aka sanyaya shi da injina lokacin ɗauka har numfashin 'yan wasan yana fita kamar hayaƙi, ba dabarar kwamfuta ba ce. To nan zaka kama. Ka yi abu garau da ake hango ƙasan kofi, lemun tsami da na'ana'a da soda, sikari kaɗan, kofin ma ka sa shi a firiza tun yamma ya yi raɓa, mutum in ya ɗauka yatsunsa su ji. Tsamin yana kwantar da tashin zuciya, sanyin kuma yana tafiya da abin da ido ke gani.

Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, shi na fi so a ba ni in haɗa wa abin sha don komai yana ciki an ajiye maka. Fim ɗin baƙi da fari ne, jinin da ke gangarawa a wurin wankan nan cakulan ne na ruwa, don a baƙi da fari ya fi jan fenti kama da jini. Sannan kafin a kashe matar da ta sauka a masauki, mai masaukin abin da ya kawo mata na dare burodi ne da madara. To me kake jira? Kunun aya mai sanyi, wanda aka tace sau biyu ba mai tsaki-tsaki ba, ka zuba cakulan a jikin kofin ta ciki ya gangaro kafin ka zuba kunun, fari da baƙi, babu ɗigon ja ko ɗaya. Wanda ya san labarin zai yi murmushi, wanda bai sani ba zai karanta a kati. Kuma ka ari dokar Hitchcock, shi lokacin da fim ɗin ya fito hana shiga ya sa aka yi da zarar an fara, ko waye kai. Ka gaya wa mai ƙofa haka, kai ma ka gama raba kofuna kafin a kashe fitila.

Zoɓonka yana da gida, kar ka ce na hana ka. Gidansa Suspiria na 1977, na ɗan Italiya Dario Argento, labarin wata Ba'amurkiya da ta je makarantar rawa a garin Freiburg na Jamus ta tarar matsafa ne ke riƙe da wurin. Labarin ni a ganina ba wani ƙarfi gare shi ba, in ka biye masa ma wani wurin ba ya haɗuwa, amma launi da kiɗa, kai! Bango ja, haske ja, jinin ma ja ne fau kamar fenti, ga kiɗan ƙungiyar Goblin yana sukar kunne. Nan ne zaka fito da zoɓo mai duhu, ka jiƙa shi a ruwan zafi ka rufe, kar ka bar shi yana ta tafasa har ya yi ɗaci launin ya mutu, citta da kanumfari su fito sosai, ka rage sikari, ka matsa lemun tsami a ƙarshe zaka ga jan ya ƙara haske. Sau ɗaya a daren, a fim ɗaya, sai ya yi daraja.

The Shining na Stanley Kubrick, 1980, doguwar tafiya ce, ya haura awa biyu, otal ne a kan dutse ƙanƙara ta rufe hanya. Turawa wuski suke haɗa shi da shi saboda wurin da jarumin ke zaune gaban kanta yana hira da mai zuba giya wanda fatalwa ne, ni kuwa ko da muna sayarwa ba zan yi ba, mutumin nan shaye-shaye na cikin abin da ya rusa shi da iyalinsa, ka miƙa wa mai kallo irin abin da ke kashe gidan? Shayi mai zafi ya fi, mai kauri, da kirfa da citta da ɗan masoro, a kofin da ake riƙewa da hannu biyu. Ana kallon mutane cikin dusar ƙanƙara ana kurɓar zafi, kuma abu ne da ake sha a hankali ya kai ka tsakiyar fim.

Wurin wasa kuma The Evil Dead ne, 1981, Sam Raimi yana ɗan saurayi ya ɗauke shi da abokansa a wata bukka a dajin Tennessee da kuɗi kaɗan, jinin ruwan sikarin masara ne da kalar abinci, an zuba shi ba tausayi. Mu da muka gan shi a kaset a gidan kallo mun san yadda ake yi, ana ihu ana dariya ana tsokanar wanda ya rufe ido. Irin wannan su ake kira finafinan 'yan gani-kashe-ni, masoyansu sun haddace su, ba tsoro suka zo ji ba nishaɗi suka zo yi. Nan duk shirmen da ka ga dama yi, ka dangwala bakin kofi a jan ruwan sikari ya riƙa ɗiga, ka cika sirinji sabo marar allura da ruwan rumman mutum ya matsa da kansa cikin abarba, ka sa masa suna mai ban dariya. A nan ya dace, a Psycho kuwa raini ne.

Yanzu maganar haɗin kansa. In ka cire giya daga koktel, wato haɗin abin sha irin na Turawa, abu biyu ke tafiya, ɗan zafin da ke cizon maƙogwaro da nauyin da ke sa a sha a hankali, in baka mayar da su da wani abu ba lemun yara ka yi, mutum zai shanye kafin a gama rubutun farko. Citta ɗanya da masoro su ke ba ka cizon, shayi mai kauri da tsamiya su ke ba ka nauyin da ɗan ɗaurin baki. Ma'aunin da na koya maka yana nan, biyu na uwar haɗin, ɗaya na tsami, ɗaya na zaƙi, ruwan sikarin kuma kofi ɗaya na sikari kofi ɗaya na ruwa, daga nan sai ka ɗanɗana ka gyara. Ƙanƙara manya zaka yi tun kwana biyu kafin ranar, ƙanana narkewa suke kafin minti ashirin su mayar maka da aiki ruwa, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Ka tuna cikin duhu za a sha, kuma mutanen da za su zabura ne. Kofi mai dogon wuya ajiye shi, gajeren tambulan mai nauyin gindi zaka fitar, kar ka cika shi fal, bar kamar yatsa biyu. Tsinken sakace da ake soka 'ya'yan itace cire shi, mutum zai razana ya kai ido. Bilenda kuma ba a kunna ta ana fim, rabin tsoron waɗannan tsofaffin finafinan a cikin shiru yake, duk abin da za a markaɗa a gama shi tun la'asar.

Abu biyu da zaka gani a bidiyo suna burgewa ni kuma na hana a kantata. Na ɗaya busasshiyar ƙanƙarar nan mai tada hayaƙi, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, in gutsure ya wuce maƙogwaro ƙona ciki yake. Ɗan'uwanta ruwan naitirojin ya fi ta ma, a 2012 a garin Lancaster na Ingila wata yarinya 'yar shekara 18 ta sha koktel da aka zuba shi, sai da likitoci suka cire mata tumbi gaba ɗaya. In manaja ya nace sai an ga hayaƙi, a sa a kwano daban a kan tebur nesa da kofuna, a ɗauka da abin kamu ba da hannu ba. Na biyu garin gawayin nan da ake baƙanta abin sha da shi, shi aikinsa a asibiti tsotse guba ne, to haka yake tsotse maganin da mutum ya sha, mai hawan jini ko mai siga ya sha ƙwayarsa da magariba ya zo ka ba shi wannan, ka cuce shi baka sani ba. Hukumar lafiya ta birnin New York ma ta hana sa shi a abinci da abin sha tun 2018. In baƙi kake so, zoɓo mai kauri da ruwan baƙin inabi sun isa, a duhu ba mai bambancewa.

Sharhin katin kuma layi huɗu ya wadatar. Shekara da darakta, irin tsoron da ke ciki, ra'ayinka tsakani da Allah ko da cewa zaka yi labarin bai kai ba amma a kalla don launi, sai dalilin da ya sa ka zaɓi wannan abin shan. Kar ka faɗi ƙarshen fim, musamman Psycho, akwai samari da yawa da basu taɓa gani ba. Ka rubuta ƙarara in akwai tsiraici ko zubar da jini mai yawa ko abin da ya taɓa addini, The Exorcist ba kowa zai iya zama ba, kuma duk waɗannan na manya ne, yara ba sa shiga. A ƙasan katin ka jera abin da ke cikin kofin, madara, aya, citta, don masu alaji. Maganar izinin haska fim a bainar jama'a kuma ta manaja ce, amma ka tuna masa tun yanzu a rubuce, kar ranar ta zo a ce kai ne baka faɗa ba.

Fim biyu a dare ɗaya sun isa, uku mutane gajiya suke. Ka fara da Psycho ka rufe da The Evil Dead don a fita ana dariya, sauran ka ajiye wa wata mai zuwa. Ranar Alhamis bayan la'asar ka zo shago da kunun ayar da cakulan ɗin in ɗanɗana, ka taho da tambulan ɗin da zaka yi amfani da shi in gani.