Landan zuwa New York: tikitin kai tsaye ko mai yada zango?

Tambaya: Na duba tikitin Landan zuwa New York, sai na ga zuwa awa 8 ne, dawowa 7. Hanyar dawowa ta fi kusa ne? Kuma na ga tikiti mai rahusa da zai yada zango a Istanbul. In saya?

Amsa: Malam, nisan bai canza ba. Daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa na JFK a New York kusan kilomita 5,550 ne. Iska ce ke kawo bambancin. A can saman Tekun Atlantika akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Jirgin da ya nufi New York yana kokawa da ita, wanda ke dawowa kuwa ita ke tura shi. Lokacin hunturu ta fi ƙarfi: a watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Ka kuma tuna agogon Landan yana gaba da awa 5 a mafi yawan shekara, kuma tikiti yana nuna lokacin kowane gari ne.

Batun Istanbul kuwa, ban ba ka shawara ba, sai dai in rahusar ta yi yawa sosai. Gabas za ka fara yi, kusan kilomita 2,500, sannan ka juyo yamma fiye da 8,000. Ka kusan ninka tafiyar ke nan, ga zaman jira. In yada zangon ya zama dole, Dublin, babban birnin Ireland, ta fi, don tana kan hanya, kuma a filin jirginta ake gama binciken shige da fice na Amurka tun kafin a tashi.

Abin da ya fi jefa matafiya cikin wahala shi ne sayen tikiti biyu daban-daban. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi, kuɗinka sun tafi, kuma kai za ka ɗauki jakarka ka sake auna ta. Ka sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, ka bar aƙalla awa 2 tsakani.

Tambaya: Jirginmu daga Landan ya isa New York a makare da awa 5. Akwai diyya?

Amsa: Akwai, Hajiya. A dokar Birtaniya, tafiyar da ta wuce kilomita 3,500 in aka isa a makare da fiye da awa 4, fasinja na iya neman fam 520. Sharaɗin shi ne laifin ya zama na kamfanin, kamar lalacewar jirgi ko rashin ma'aikata. Guguwa ba ta ciki. Ki adana katin shiga jirgi da lambar tikiti, ki rubuta wa kamfanin kai tsaye, kada ki ba dillalan da ke yankar kaso.