Kwana nawa zan yi a Lima kafin in hau Kusko?

Tambaya: Salamu alaikum Dakta. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi, wurin aikinmu za su tura ni taro a Lima ta ƙasar Peru a watan Yuli, kuma ina so in an gama in leƙa birnin Kusko da wurin tarihi na Machu Picchu. Wani aboki ya ce in yi sati guda a Lima jikina ya saba tukuna. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya yi niyyar alheri amma lissafinsa bai fita ba, don Lima a bakin teku take kamar Accra, ko wata guda ka yi a can jikinka ba zai koyi komai a kan iskar tudu ba. Kusko tana kan mita wajen 3,400, ka tuna dutsen Afadjato da muke taƙama da shi a Ghana bai kai mita 900 ba, kuma jirgi cikin awa ɗaya da rabi zai kwashe ka daga bakin ruwa ya dire ka can sama, to nan matsalar take.

Amfanin Lima shi ne hutu. Babu jirgi kai tsaye daga Accra, sai ka bi ta Turai, ga agogon Peru yana bayan namu da awa 5, don haka kwana biyu ko uku sun isa ka rama barci. Ka sauka a unguwar Miraflores ko Barranco, akwai masallaci a unguwar Magdalena del Mar in Juma'a ta same ka. Yuli lokacin sanyinsu ne, hazo ya rufe gari, ka tafi da suwaita. Kar ka sha ruwan famfo, kuma ceviche ɗin nan nasu ɗanyen kifi ne da lemon tsami, ni dai ba zan ce ka ci shi ana gobe za ka hau ba, gudawa da ciwon tudu in suka haɗu a jiki ɗaya ba daɗi. Chicharrón kuma alade ne, ka kiyaye.

Sabawar jiki a sama ake yin ta, mataki mataki. In ka sauka Kusko kar ka kwana, ka ɗau mota ka gangara Ollantaytambo mai mita wajen 2,800 ka yi kwana biyu, daga nan jirgin ƙasa ya kai ka Machu Picchu wadda ma ta fi ƙasa, wajen 2,400, sai ka dawo Kusko daga baya. Ranar farko ba hawan dutse ba gaggawa, ka sha ruwa sosai ka ci abinci kaɗan. Ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci, abin da suke kira soroche, yakan zo awanni bayan isa kuma yakan lafa. Amma in numfashi ya gagara kana zaune, ko tari mai kumfa, ko kana tangaɗi kamar mai maye, ka sauka ƙasa take ka nemi asibiti, kar ka ce bari in ga gobe. Ƙwayar Diamox tana taimakawa, ana fara ta kwana ɗaya kafin hawa, amma likita ne zai rubuta maka. Shayin ganyen koka za su yi ta miƙo maka a otal, yana iya fitowa a gwajin fitsari na miyagun ƙwayoyi, kuma kar ka kuskura ka sako ganyen a jaka zuwa filin jirgin sama na Accra.

Abin da ya fi damuna da mutanenmu shi ne sikila. Ƙarancin iska a tudu yana tayar da ita, har mai AS da bai taɓa ciwo ba saifarsa na iya kamuwa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa. Kafin ka biya kuɗin tikitin Kusko ka je asibiti a duba maka jinotaif da hawan jini, in SS ko SC ne to ka tsaya a Lima.