Tun da jirgi ya girgiza ni tsoro ya ƙi sakina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Bara da damina na hau jirgi daga Legas zuwa Kano, muna tsakiyar tafiya sai ya fara jijjiga yana sama yana ƙasa, wata mata a bayana sai kuka take tana salati, ni kam shahada kawai nake maimaitawa. Mun sauka lafiya amma tun ranar ko ƙarar jirgi naji sai gabana ya faɗi. To yanzu maigida ya biya mana Umara, wallahi ko bacci bana iya yi. Wai girgizar nan tana iya kayar da jirgi? Daga Maman Biyu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Biyu, sannu, Allah ya sa ibada karɓaɓɓiya. Ba ke kaɗai bace, akwai manyan alhazai masu rawani da suke jiƙewa da zufa in jirgi ya motsa, kawai basa faɗa ne.

Abin da kuka shiga gargadar iska ce. Da damina hadari yana haɗuwa, iska mai zafi tana tashi sama mai sanyi tana saukowa, in jirgi ya ratsa ta wajen dole ya jijjiga kamar dai mota a titin da ruwa ya cinye. Matuƙa suna ganin hadarin a na'urar rada su kauce masa, amma akwai wata iri da take zuwa sama garau babu gajimare ko ɗaya, ita rada bata ganinta, shi yasa wani lokaci sai dai kiji jirgi ya zabura babu sanarwa. Kuma fiffiken nan da kike gani yana lanƙwasa ta taga kar ya tada miki hankali, da gangan aka ƙera shi haka, kafin a yarda jirgi ya ɗauki mutane sai an gwada fiffiken da nauyin da ya ninka mafi munin abin da ake tsammanin zai gamu da shi sau ɗaya da rabi. Gargada ta kayar da babban jirgin fasinja na zamani abu ne mai matuƙar wuya.

Amma fa tana jikkata mutane, wannan bazan ɓoye miki ba. A watan Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga mummunar gargada a saman Myanmar ana cikin raba karin kumallo, ya yi ƙasa kusan mita 54 cikin ƙasa da daƙiƙa 5, waɗanda basu ɗaura bel ba suka tashi suka bugi rufin jirgin, mutane da yawa suka ji rauni, wani dattijo ɗan Ingila mai shekara 73 ya rasu ana zaton bugun zuciya ne. Jirgin kuwa ya sauka lafiya a Bankok. To kinga inda matsalar take, bel ɗin nan da muke rainawa. Abin yana damuna sosai yadda mutanenmu da an kashe fitilar bel sai kowa ya kwance nasa ya miƙe yana zumunci a layi. Ki barshi a ɗaure muddin kina zaune ko bacci zakiyi, ki ɗaura shi ƙasa a kan ƙugu, in kin rufa da mayafi ko bargo ki ɗaura ta samansa. In da jariri kike ki tambayi ma'aikatan jirgi yadda za'a tsare shi, hannu kaɗai baya riƙe yaro in jirgi ya zabura.

Shi kuma tsoron, ki roƙi a baku kujera wajen fiffike, can baya ne akafi jin jijjiga. Ki faɗa wa ma'aikaciyar jirgi tun kina shiga cewa kina tsoro, sun saba. In ya fara girgiza ki ajiye shayi, ki dasa ƙafafunki a ƙasa, ki ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, kina tasbihinki. Addu'ar hawa abin hawa ta cikin Suratuz Zukhruf ki karanta ta da sanin ma'anarta. Rashin baccin nan kuma in yaci gaba kije wajen likita tun kafin ranar tafiya, kar ki sayi maganin bacci a kemis ki haɗiya a jirgi.